Sun Biya Miliyoyi Don Kada Su Bi Layi

Makon nan za mu bar tudu mu shiga ruwa.

Duk mai riƙe da babbar waya ya taɓa cin karo da irin bidiyon nan: farin jirgin ruwa tas a kan shuɗin teku, wani dattijon Bature da matarsa zaune a baranda, rana na faɗuwa a bayansu. Jama'armu kan rabu gida biyu a kansa. Wasu su ce "Allah Ka ɗanɗana mana", wasu su ce almubazzaranci ne kawai da rashin sanin ciwon kai. Mu dai a ganinmu duka ɓangarorin biyu murfin kwano suke yi wa gardama, babu wanda ya ɗaga ya ga abin da aka zuba.

A fara bambancewa tukuna. Jiragen shaƙatawa na teku ba iri ɗaya ba ne. Akwai manya, irin Icon of the Seas na kamfanin Royal Caribbean, wanda ya fara ɗaukar fasinja a Janairun 2024. Tsawonsa ya kai wajen mita 365, idan ya cika maƙil yana ɗaukar fasinja 7,600, ban da ma'aikata sama da 2,000. Gari ne guda yake yawo a kan ruwa. Sannan akwai ƙananan na alfarma, waɗanda su ne zancenmu. SeaDream I da ɗan uwansa SeaDream II kowanne fasinja 112 yake ɗauka, da ma'aikata 95. Evrima na Ritz-Carlton, wanda ya fara aiki a 2022, fasinja 298. Seabourn Venture kuma 264. Babban jirgin yana da wuraren zamiya a ruwa, da filin wasan ƙanƙara, da gidajen abinci barkatai. Ƙaramin ba shi da ko rabin wannan, amma kuɗin kwana ɗaya a cikinsa ya ninka na babban sau da yawa. To me ake saya?

Idan ka saurari waɗanda suka saba shiga, ba da abinci suke farawa ba. Da layi suke farawa. A babban jirgi layi ne tun daga shiga: layin abinci, layin lifta, layin sauka a tasha, har kujerar bakin wurin wanka sai ka yi sammako ka ɗora mata tawul kafin wani ya riga ka. A ƙaramin babu wannan. Ka ci abinci lokacin da ka ga dama, da wanda ka ga dama. Babu mai yi maka shela a lasifika kowane rabin awa.

Na biyu, kuma shi suka fi nanatawa, wai an san su. Kwana ɗaya ko biyu da shiga, mai kawo abinci ya riga ya riƙe sunanka, ya san ba ka son sukari a shayi, ya san matarka ba ta cin kifi. A jiragen Silversea kowane ɗaki yana da hadiminsa na musamman, wanda zai kwance maka akwati ya jera kaya, ya goge takalmi. SeaDream kan ba baƙonsa rigar barci da aka ɗinka sunansa a jiki. Seabourn kuwa ya yi suna da wata al'ada a tsibiran Karibiyan: ma'aikata cikin kayan aiki su shiga teku ruwa iya ƙugu, su raba wa baƙi kabiya, wato ƙwan kifin nan mai ɗan karen tsada, daga kan allon hawan igiyar ruwa.

Sai batun aljihu. A yawancin waɗannan jirage abinci da abin sha da tukwicin ma'aikata duk suna cikin kuɗin tikiti, don haka sai mutum ya yi mako biyu bai zaro kati ba. Ya riga ya biya tun a gida, ya biya har da ƙari, abin da aka ɗauke masa shi ne zafin miƙawa a kowace rana.

Akwai kuma inda ƙarami ke shiga babba ya tsaya a waje, kuma a nan dole mu yarda sun yi gaskiya. Mashigin Korint na ƙasar Girka faɗinsa bai kai mita 25 ba, sai siririn jirgi. Birnin Benis na Italiya, bayan wani ƙaton jirgi mai suna MSC Opera ya ƙwace ya daki gaɓa a 2019, ya samu dokar da ta hana manyan jirage ratsa tsakiyarsa daga 1 ga Agustan 2021. A tsibiran Galafagos na Ikwado ba a yarda jirgin yawon buɗe ido ya wuce fasinja 100 ba. A Antatika kuwa, can ƙarshen kudancin duniya, jirgin da ya ɗauki fiye da mutum 500 ba ya sauke kowa a tudu, sai dai su yi kallo daga nesa, kuma ko a ƙananan ba a barin sama da mutum 100 su taka wuri ɗaya a lokaci ɗaya.

Duk wannan ba mu musa ba. Wanda ya ce babu daɗi a ciki ƙarya yake, ko kuma hassada ke damunsa. Inda muka raba gari da masu tallar shi ne sunan da suke ba abin. Suna cewa natsuwa, suna cewa kusanci, suna cewa kamar 'yan gida ɗaya. Ku tattara abubuwan nan ku duba da kyau, za ku ga haja ɗaya ce aka canza wa riga: rashin jama'a. Tikitin ya yi tsada ne domin ya zama katanga. Fasinja yana biyan kuɗin ɗakinsa, yana kuma biyan kuɗin mutum dubu biyar ɗin da ba su shigo ba. An ce mai arziki ko a Kwara ya sai da ruwa, to ga waɗanda suka shiga tsakiyar teku suna sayar da shiru.

Mu da muka taso inda ake gane mai hali da yawan takalman da ke ƙofar zaurensa, wannan ya kamata ya ba mu mamaki, ko da yake attajiranmu na yanzu su ma sun koyi gina doguwar katanga da ajiye mai gadi.

Amma batun "an san ni" ɗin nan shi ya fi tsaya mana a rai. Ku tuna da mai shayin unguwarku. Ya san cokali nawa na sukari kake so, ya san ranar da aljihunka ya yi sanyi ya ba ka bashi ba tare da ka buɗe baki ba. Abin da Baturen nan ke ƙetare teku yana biyan dubban daloli ya samu kenan. Sai dai kai ma ka san mai shayin. Ka san garinsu, ka je sunan 'yarsa, ranar da bai fito ba ka tambaya ko lafiya. A jirgin alfarma sanin hanya ɗaya yake bi. An horar da ma'aikaci ya haddace fuska da suna, an rubuta abin da baƙo yake so da wanda ba ya so a kwamfuta, yadda ko bayan shekara biyu ya dawo za a tarbe shi da irin matashin da ya fi so. Shi kuma baƙon me ya sani? Sunan farko da ke maƙale a ƙirjin riga, da sunan ƙasa a ƙarƙashinsa. Wannan hidima ce ta ƙwararru, kuma sun cancanci yabo a kanta. Kiranta zumunci ne rainin hankali.

Su wane ne ma waɗannan ma'aikata? Akasari 'yan Filifin ne, da Indonesiya, da Indiya, da Gabashin Turai, da wasu 'yan Afirka. Sukan yi watanni shida ko fiye a ruwa a kwantiragi ɗaya, galibi babu ranar hutu cikakkiya ko ɗaya, suna kwana su biyu a ɗan ƙurmusun ɗaki a can ƙasan jirgi, yawanci babu taga. Yarjejeniyar ƙwadago ta ma'aikatan teku ta 2006, wadda ta fara aiki a 2013, ta ce mafi ƙarancin hutu shi ne awa 10 a cikin 24, da awa 77 a mako. Ku yi lissafi da kanku: mako awa 168 ne, a cire 77, saura 91. Wato mutum zai iya yin aikin awa 91 a mako kuma ba a karya doka ba. Murmushin da ke tarbar baƙo da ƙarfe shida na safe shi ne wanda ya kwashe masa faranti da sha ɗayan dare. Kuma jiragen da yawa tutar Bahamas ko Malta suke ɗagawa, alhali ofisoshin kamfanonin suna Amurka ko wasu ƙasashen Turai. Ba son tsibiri ne ya kai su can ba, sauƙin haraji da dokoki ne.

Za a ce ai albashin ya fi abin da za su samu a gida, har ma wasu sun gina gidaje sun sa 'ya'ya a makaranta da shi. Haka ne, shi ya sa suke komawa shekara bayan shekara. Amma a ce talauci ya sa mutum ya karɓi sharaɗi bai mayar da sharaɗin adalci ba, kuma bai ba wanda ake yi wa hidimar damar cewa "mun zama dangi" ba.

Sai kuma tatsuniyar da ta fi kowacce kwantar wa fasinja hankali, wai ƙaramin jirgi shi ne na masu tausayin duniya, babban kuwa na masu ɓata ta. Ga garin da aka sauka, gaskiya ne baƙi 200 sun fi 6,000 sauƙin ɗauka. Amma idan aka koma kan mutum ɗaya sai lissafi ya juya. A ma'aunin girman cikin jirgi, Icon of the Seas ya kai kusan dubu 250, Evrima kuwa ya ɗan haura dubu 25. A raba wa fasinjojin kowanne, za a ga na Evrima ya tashi da kusan ninki biyu ko fiye. Wannan sararin da yake jin daɗinsa ƙarfe ne da inji ke turawa da mai, da ɗakuna da ake sanyayawa dare da rana. Kafin ya iso jirgin ma, mai zuwa Antatika sai ya hau jirgin sama zuwa Ushuaia a ƙarshen Ajantina, ko Punta Arenas a Chile.

Antatikar ita kanta shaida ce. Lars-Eric Lindblad ne ya fara kai 'yan yawon buɗe ido can a 1966. A farkon shekarun 1990 masu zuwa a shekara ba su kai dubu 10 ba. A kakar 2022 zuwa 2023 sun haura dubu 100. Kowanne ya je ne don ya ga wurin da ba kowa, kuma kamfanoni suna tsara jadawali a tsakaninsu yadda jirgi ba zai haɗu da wani jirgi a wurin sauka ba, don kowane ayari ya ɗauka shi kaɗai ne a duniyar. Har kaɗaicin ma shirya shi ake yi. Kuma kada a manta jirgin da Lindblad ya gina a 1969 don wannan tafiya, wanda daga baya ake kira Explorer, a can ya nutse a Nuwamban 2007 bayan ya yi karo da ƙanƙara. Allah Ya sa an ceto duka mutum 154 da ke ciki.

Wani abin dariya kuma, fasinjan Silversea da ke taɓe baki idan ya hango ƙaton jirgi a tasha, kuɗinsa da na mutanen cikin ƙaton asusu ɗaya suke shiga. Royal Caribbean Group, mai Icon of the Seas, shi ne mai Silversea. Seabourn na Carnival ne. Regent Seven Seas na rukunin Norwegian ne. Ba cinya ba, ƙafar baya.

Me ya kawo wannan zance zaurenmu, mu da yawancinmu ko Legas ba mu je mun ga teku ba? Saboda idan ɗayanmu zai shiga irin wannan jirgi, mafi kusa shi ne ya shiga ta ƙofar ma'aikata, kuma 'yan damfara sun riga mu gane haka. Irin bidiyon da muke yi wa addu'a da shi suke haɗa tallar "aiki a jirgin ruwa, albashi da dala, turo kuɗin fom". Aikin yana nan, ba ƙarya ba ne, kuma wanda ya shirya wa awoyin da muka lissafa ba mu hana shi ba. Sai dai ya sani cewa yarjejeniyar 2006 ɗin nan, wadda Najeriya ta amince da ita a 2013, ta haramta wa dillalin aiki karɓar kuɗi daga hannun mai neman aikin teku don ya sama masa gurbi. Abin da aka bar wa mai nema ya biya shi ne fasfo ɗinsa, da littafin shaidar ma'aikacin teku, da takardar gwajin lafiya. Kuɗin biza ma a wuyan mai jirgi yake. Dokar ta kuma ba shi haƙƙin ya karanta kwantiraginsa, ya nemi shawara a kai, kafin ya sa hannu, kuma a ba shi kwafinsa ya riƙe. Duk ejan ɗin da ya ce a turo dubu ɗari biyar kafin a ga takarda, a tambaye shi lambar lasisinsa da sunan kamfanin jirgin, sannan a rubuta wa kamfanin kai tsaye a ji ko sun san shi.