SHARHI: Kafin a ƙara haƙa rijiyar burtsatse a Sabon Maci, a fara auna ruwan da ke ƙasa

A garuruwa da ƙauyukan gundumar Dakoro da ke jihar Maraɗi, babu kyautar da ta kai rijiyar burtsatse daraja. 'Yan asalin yankin da ke neman kuɗi a Yamai, Kano, Legas, Agadas ko Libiya kan haɗa gudummawa su tura gida, a haƙa rijiya, a ɗora tanki, a kafa farantan sola, a mayar da ita sadaka mai gudana. Duk wanda ya taɓa ganin mata da yara a Sabon Maci ko Kornaka na jan igiya mai tsawon gaba da yawa, ko jakuna da raƙuma na janyo wasaki daga rijiya mai zurfi, ba zai raina wannan aikin alheri ba.

Sai dai akwai tambayar da ba kasafai ake yin ta ranar bikin buɗe famfo ba: daga ina ruwan yake fitowa, kuma me ke faruwa da rijiyoyin maƙwabta idan injin ya fara zuƙa?

Ruwan ƙarƙashin ƙasa yana kwance ne a tsakanin ƙwayoyin yashi da ramukan duwatsu, kamar yadda soso ke riƙe ruwa. Tafiyarsa a hankali take. Da zarar injin ya fara aiki, ruwan da ke dab da bututu ne ke fara sauka, na nesa kuma ya gangaro don cike gurbin. Wannan ke sa saman ruwan ya lotsa kamar mazurari, tsininsa a bakin rijiyar, faɗinsa yana ƙaruwa gwargwadon ƙarfin zuƙa da daɗewarta. Idan rijiyoyin biyu na shan ruwa daga shimfiɗa ɗaya, kuma mazurarin ya kai ga rijiyar gargajiya, ruwanta zai yi ƙasa. Mai guga zai ƙara igiya, ya yi yasa, wata rana kuma ya tarar da laka. Rijiyoyi biyu masu inji da ke kusa da juna su ma suna rage wa juna ruwa. Tun 1935 wani masani ɗan Amurka, Charles Theis, ya fitar da lissafin da injiniyoyi ke amfani da shi har yau wajen hasashen wannan sauka.

Misali mai sauƙi zai nuna bambancin. Injin da ke fitar da lita 5,000 a awa, idan ya yi awa takwas, ya kwashe lita 40,000, wato jarka 1,600 masu cin lita 25. Ƙarfin hannu da na dabba ba sa kai wa nan, shi ya sa rijiyar guga ke samun hutun dawo da ruwanta cikin dare. A da, tsadar man dizal ita ke sa a kashe inji. Yanzu da sola ta zo, wannan birkin ya tafi, injin na aiki muddin akwai rana, ko da tankin ya cika yana malala.

Yankin Maraɗi na zaune ne a kan wani babban rumbun ruwa da masana ke kira Iullemmeden, wanda Nijar ke tarayya a kansa da Najeriya da Mali. Binciken hukumar sa ido kan Sahara da Sahel, wato OSS, ya nuna cewa ruwan da ake ɗiba daga rumbun ya tashi daga kimanin kubik mita miliyan 50 a 1970 zuwa miliyan 180 a 2004, alhali abin da ke komawa cikinsa a shekara bai wuce kusan miliyan 150 ba. Shekara ashirin ke nan da wannan ƙididdiga, kuma tun daga lokacin jama'a da dabbobi da lambunan rani ƙaruwa suka yi. Ga shi damina a nan wata uku ce zuwa huɗu. Ruwan da ke can ƙasa sosai kuwa, yawancinsa ya taru ne tun dubban shekaru, lokacin da yankin ya fi yanzu ni'ima. Abin da aka kwasa daga irin wannan ajiya ba ya dawowa a zamanin mutum ɗaya.

Adalci ne a faɗi cewa ba ko'ina ruwan ke sauka ba. A kewayen Yamai, masu bincike sun gano cewa saman ruwan ƙasa ya ɗaga da 'yan mitoci tun daga shekarun 1960, saboda sare daji ya sa ruwan sama na kwarara zuwa tafkuna, daga nan ya nutse. Darasin da ke ciki shi ne, halin ruwan kowane wuri daban yake, kuma awo kaɗai ke bayyana shi. Abin da ya faru a Yamai ba hujja ba ce ga Dakoro, kamar yadda ƙafewar rijiyoyin gida a unguwannin Kano da burtsatse suka yi yawa ba ta nufin haka za ta faru gobe a Sabon Maci.

Zurfafa haƙa ma ba kullum yake zama mafita ba. Mutanen Tibiri, kusa da Maraɗi, ba su manta da abin da ya same su ba tun daga shekarun 1980, lokacin da ruwan rijiya mai zurfi da ke ɗauke da sinadarin fulorayid fiye da kima ya lalata haƙora da ƙasusuwan yara masu yawa. Gwajin ruwa kafin a fara sha ya fi arha nesa ba kusa ba a kan wannan asara.

A Dakoro batun ruwa ya wuce na sha kawai. Nan ne noma da kiwo ke haɗuwa, a gefen kwarin Tarka, inda dokar 1961 ta shata iyakar noma ta arewa. Rijiya guda na iya ɗaukar gari da garken makiyaya masu wucewa. Idan mai hali ya kafa inji don lambunsa ko garkensa, ruwan rijiyar jama'a ya ja baya, talaka da makiyayi ne za su fara ji a jikinsu, kuma daga nan ake samun saɓanin da ke kaiwa gaban sarki ko hukumar filaye. Hausawa na cewa rijiya ta bayar, guga ya hana. A wannan karon injin maƙwabci ne ke iya hanawa.

Nijar ba ta rasa doka ba. Akwai kundin dokar karkara na 1993, da kundin dokar ruwa da dokar kiwo, dukansu na 2010, waɗanda suka ɗora wa hukuma alhakin tsara yadda ake haƙa da amfani da wuraren ruwa. Abin da ya rage shi ne aiki da su. Ya kamata ma'aikatar ruwa ta gundumar Dakoro da ƙaramar hukumar Sabon Maci su mallaki rajistar kowace rijiya: zurfinta, yawan abin da take fitarwa, da nisanta da ta kusa. A ware wasu rijiyoyi da za a riƙa auna ruwansu, a ƙarshen damina da kuma tsakiyar bazara, a liƙa sakamakon inda kowa zai gani. Awon ba ya bukatar fiye da igiya mai alamar mita da littafin rubutu, kuma ɗaliban sakandare ma za su iya.

Masu tura kuɗi daga birni da ƙetare su ma suna da ƙarfin faɗa a ji, domin su ke biya. Kafin su saki kuɗin, su nemi izinin hukuma a rubuce, da gwajin zuƙa da zai nuna yadda ruwan ke sauka da yadda yake dawowa, da takardar gwajin lafiyar ruwan. Su tabbatar an sa mita, an kuma sa abin da ke kashe inji idan tanki ya cika. Su tambayi wace rijiya ce mafi kusa, su wa ke sha daga gare ta. Wani kaso na gudummawar kuma ya tafi ga aikin da ke mayar da ruwa ƙasa, kamar yasar tafkuna, gina shingen duwatsu da ramukan rabin wata a gonaki, da raya sabbin itatuwa da ke tsirowa, aikin da manoman Maraɗi suka yi suna a kansa.

Sabon Maci na bukatar ƙarin ruwa, babu mai musun wannan. Amma sadakar da ta shayar da unguwa ɗaya ta ƙafar da rijiyar wata ba ta cika manufar mai bayarwa ba. A auna tukuna, sannan a haƙa.