Wai Sabon Girki Ne Ke Kashe Aure?

Wannan makon na ɗan jingine ci gaban labarinmu, saboda wata magana da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya.

Wasu maza, har da wasu 'yan uwanmu marubuta, suna ta yaɗa cewa mu mata marubuta mu muka lalata kicin ɗin Bahaushe. Wai muna cusa girke-girke a cikin littafi, mace ta karanta ta raina tuwo, ta tasa miji a gaba sai ya sayo abin da aljihunsa ba zai ɗauka ba, daga nan sai rigima, sai saki. Zargin ba sabo ba ne. Tun 2007 da aka tara littattafan Hausa aka cinna musu wuta a Kano muke jin irinsa, kullum da sabuwar riga.

To malam, wane tuwon kake kishi? Na masara? Masara baƙuwa ce, daga nahiyar Amurka ta fito. Haka tumatir da attaruhu da tattasai da gyaɗa da rogo, duk sai bayan da jiragen ruwan Turawa suka fara zirga-zirga tsakanin can da Afirka a ƙarni na 16 suka iso. Ka cire su daga tukunyar gidanka ka ga abin da zai rage. Gurasa da alkubus da Bakano ke tinƙaho da su, fataken Larabawa ne suka zo da su ta hamada. Taliya kuwa sunanta ma ya tona mata asiri, daga Italiya ne. Sinasir da burabusko aron Barno muka yi. Awara a gaban idonmu ta shigo, muna yara babu mai sayar da ita a ƙofar gida. Kowanne daga cikin waɗannan akwai daren da wata mata ta fara gwada shi, kuma na tabbata akwai wani maigidan da ya yatsina fuska. Yau jikokinsa ne ke kiran abin "na gargajiya".

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, mai wannan ƙorafin shi za ka gani ƙarfe goman dare a teburin mai shayi yana zuba wa cikinsa Indomie da ƙwai uku. Abincin Indunusiya ne fa! A can bai tuna al'ada ba, sai ya dawo gida ya tarar an yi dambun shinkafa maimakon tuwo.

Mu zo kan maganar kuɗi, tunda nan suke fakewa. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 kowace mace ta san yadda kuɗin cefane ya ƙanƙance a hannunta. Wadda ta iya sarrafa girki ita ce ke rufa wa gida asiri, ba wadda ta san abu ɗaya tak ba. Nama ya gagara? Ta jiƙa waken suya ta markaɗa ta tace, ta ɗora a wuta ta zuba ruwan tsami ya haɗe, ta matse ta yanka ƙanana, ta soya sama-sama ta jefa cikin miyar alayyahu. Yara su ci suna santi. Tsakin masara da yakuwa da ɗan gyaɗa ya zama fate. Dankalin Hausa da wake su cika ciki da dare. Gutsuren shinkafa da zogale ya zama dambu. Ina almubazzarancin yake a nan? Wannan fa duk sabon gwaji ne a gidan da ba a saba ba, kuma a littafi ko wajen ƙawa aka koyo shi.

Inda zan ɗan taɓa 'yan uwana marubuta shi ne nan: wasunku in za su nuna jaruma ta iya girki, sai kaji biyu, soyayyar shinkafa, haɗin kabeji da lemo kala uku, a daren Talata kawai ba biki ba suna. Ita kuma muguwar uwargida ko 'yar ƙauye, ita ake bar wa miyar kuka, har a ce tana warin daddawa. Wannan raini ne, kuma shi ya ba masu zaginmu sanda. Miyar kukar da ta ji daddawa da busasshen kifi da man shanu, wace soyayyar shinkafa ce za ta tsaya kusa da ita? Amma laifin alƙalamin wasu ba zai sa a hana matan gida gwada abin da suka ga dama a tukunyarsu ba.

Kai kuma maigida, in an gwada sabon abu bai yi daɗi ba, dare ɗaya ne. Ka ci abin da za ka iya, ka faɗi gyara a ɗaki ba a gaban yara ba. Matar da aka kushe wa girki a gaban 'ya'yanta ba ta ƙara gwadawa, sai ta koma tuwo miyar kuɓewa dare bakwai a jere, kai kuma ka fara zagaye kana cewa abokai ba ta iya komai ba, ƙarin aure za ka yi.

A littafina mai fitowa, jarumar miyar karkashi za ta yi wa angonta a daren farko da ta shiga kicin, washegari kuma ta gwada gwaten acha irin na mutanen Jos. Wanda abin bai yi wa daɗi ba ya rubuto.