Taɓin hankali: da wane ma'auni likita yake aiki?

Tun ranar 1 ga watan Janairu 2022 ne sabon kundin cututtuka na Ƙungiyar Lafiya ta Duniya, OMS, wanda ake kira CIM-11, ya soma aiki. A cikinsa an sake tsara babin cututtukan da jama'a ke tarawa cikin kalma guda, wato hauka.

Abin lura shi ne, babu awon jini ko hoton kai da ke tabbatar da su. Likita yana dogara ga tambayar majiyyaci da danginsa, kana ya yi lissafin kwanaki. Baƙin ciki mai tsanani sai alamunsa sun kai mako 2. Sikizofareni kuwa, mai sa jin muryoyin da babu su da zargin ana farautar mutum, OMS ta ce wata 1, alhali littafin likitocin Amurka na 2013 ya ce wata 6. Ashe ko masanan bakinsu bai zo ɗaya ba.

Wannan saɓani ba na takarda kaɗai ba ne. Likitocin Faransa sun daɗe da sanin wata ruɗewa mai faɗa wa mutum farat ɗaya, ta wuce cikin ƴan makonni. In aka yi garajen laƙaba masa sunan ciwo mai ɗorewa, an ɓata masa aure da aiki. In kuma dangi suka tsaya kan cewa iskoki ne, sai a iso asibitin ƙasa na Yamai bayan shekaru, wani ma da sawun mari a ƙafa. Farfaɗiya da sanƙarau kuwa, wajibi ne likita ya fara bincikarsu, domin maganinsu dabam ne.