Kafin ka sayi bonsai, ka san irin itacen da garinka zai iya riƙewa



Duk mai bin manyan titunan Legas, Ibadan ko Fatakwal ya san masu sayar da furanni a bakin hanya. A cikin kayansu akan ga wasu 'yan ƙananan itatuwa a kasko, tsayinsu bai wuce kamu ɗaya ko biyu ba, amma siffarsu ta tsohuwar bishiya. Su ake kira bonsai. Masu sha'awa a cikinmu suna saye don ado a shago, ofis ko falo, kuma ba su da araha. Ra'ayina shi ne, kada kyan itace ya ruɗe ka. Ka fara duba garin da kake zaune da wurin da za ka ajiye shi, sannan ka zaɓa.

Bonsai ba sunan wani irin itace ba ne. Kalmar Japananci ce, ma'anarta shuka a cikin kasko, kuma daga ƙasar Sin sana'ar ta shiga Japan. Itace ne kamar kowane, sai dai ana datse rassansa da saiwoyinsa, ana lanƙwasa shi da waya, don ya zauna ƙarami. Datsewa tana rage girma, amma ba ta canza hali. Itacen ƙasar sanyi yana nan a na ƙasar sanyi ko da a kasko yake.

Akwai wani bonsai na itacen fayin da aka fara reno a Japan tun shekarar 1625. Yana Hiroshima lokacin da aka jefa bam a 1945, ya tsira, a 1976 aka ba Amurka shi kyauta, kuma yana nan a birnin Washington. Abin da ya taimaka masa shi ne kula, da kuma zama a inda ake yin hunturu na gaske. Irin wannan fayin da mapul na Japan suna bukatar watanni na sanyi don su huta. A Legas kuwa da wuya ma'aunin zafi ya sauka ƙasa da digiri 20. Itacen da bai huta ba yakan yi ta raunana har ya mutu. Na'urar sanyaya ɗaki ba ta maye gurbin hunturu, busar da iska kawai take yi.

Sai maganar haske. Yawancin itatuwa na waje ne. Junifa, mai ganye kamar allura, wanda aka fi gani a hotuna, rana yake so. Idan aka ɗora shi a kan teburin ofis, mutuwa zai yi. Abin takaici, yakan yi makonni da korensa bayan ya mutu, mai shi na ta ba gawa ruwa. Wanda ba shi da tsakar gida ko baranda, dangin ɓaure ya kamata ya nema, wato fikus, domin su ne suka fi jure zaman ɗaki. Su ma a kusa da taga mai haske za a ajiye su.

Mu kuwa muna da namu. Ceɗiya 'yar dangin ɓaure ce, ganyenta ƙanana ne, tana sakin saiwoyi daga rassa, kuma reshenta aka dasa yakan kama. Gamji ɗan uwanta ne, amma faɗin ganyensa bai dace da ƙaramin kasko ba. Tsamiya tana da ƙananan ganye da ɓawo mai kaushi, tana son rana sosai, kuma daga ƙwallonta za ka iya farawa ba tare da kashe ko kwabo ba.

Sai dai mu mazauna kudu mu yi hattara da abu guda. Ba duk itacen gida ne ke jure ruwan nan ba. Fatakwal tana samun ruwan sama fiye da milimita 2,000 a shekara, wato sama da ninki biyu na abin da Sakkwato ke samu. Kuka da kariya suna tara ruwa a jikinsu, idan ƙasar kasko ta daɗe a jiƙe sai su ruɓe daga ƙasa. Mai son su ya haɗa ƙasar da yashi mai kaushi da tsakuwa, kaskon ya zama mai huda, ya kuma kare su daga ruwan damina a inda rana ke samunsu. Idan kuka ta zubar da ganye, a dakatar da ba ta ruwa har sai ta toho. Kariya kuma ruwan jikinta guba ne, a nisanta ta da yara.

Wani zai ce tsamiya da kuka ai itatuwan daji ne, ina abin burgewa? To a Indonesiya tsamiya tana cikin itatuwan da masu bonsai ke ji da su, a Afirka ta Kudu kuwa har salo na musamman suke da shi mai kwaikwayon siffar kuka. Abin da muke rainawa, wasu shi suke nema.

Don haka kafin ka biya kuɗi, ka tambayi mai sayarwa sunan itacen, ko na rana ne ko na inuwa, da tsawon lokacin da ya yi a hannunsa a wannan garin. Idan ya kasa faɗin sunan, ka riƙe kuɗinka. Matasanmu masu neman sana'a kuma su gwada da ceɗiya da tsamiya, jarin haƙuri ne da almakashi.

Allah ya sa mu dace.

Sakataren ƙungiya