Gobarar Strasbourg da Darasin Rumbunan Bayanai

A ranar 10 ga Maris, 2021, gobara ta tashi a cibiyar ajiyar bayanai ta kamfanin OVH da ke birnin Strasbourg na ƙasar Faransa. Gini guda ya ƙone ƙurmus, miliyoyin shafukan intanet suka ɗauke. Wasu masu hulɗa da kamfanin sun yi asarar bayanansu har abada, domin kwafin da suka tanada don ɓacin rana yana harabar da wutar ta ci. Masu iya magana kan ce idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Galibin abin da jama'a ke nema a shafukan hukumomi kaya ne da ba sa canzawa da zarar an wallafa su: takardun kasafin kuɗi, fom na neman aiki, dokoki, hotunan takardun sakamakon zaɓe. Irin waɗannan kaya su suka fi sauƙin karewa. Maimakon a jibge su a kwamfuta ɗaya, sai a haɗa kwamfutoci da dama su zama rumbu guda. Manhaja irin Ceph takan ajiye kwafi 3 na kowane fayil a na'urori daban-daban. Idan ɗaya ta mutu, sauran su ci gaba da amsa masu nema, manhajar kuma ta sake yin kwafin da ya ɓace ba tare da jiran umarni ba. Idan masu nema suka yi cincirindo, sai a raba nauyin, tunda hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

To amma fa kwamfutoci ɗari a ɗaki guda gobara ɗaya ce ke gamawa da su. Tilas ne a warwatsa kwafin a garuruwa masu nisa da juna. Haka kuma jingina da ƙasashen waje kaɗai ganganci ne. A ranar 14 ga Maris, 2024, manyan wayoyin intanet na ƙarƙashin teku sun tsinke a gaɓar Afirka ta Yamma, harkokin banki da sadarwa suka tsaya cik ga mutane da yawa a Nijeriya da Ghana. Takardar da ke ajiye a Kano da Abuja da Legas ba ta bukatar ƙetare teku kafin ta isa ga mai nemanta.

Gaskiya ne tsarin yana da tsada: faifan ajiya ninki uku, da wutar lantarki, da ƙwararrun ma'aikata. Kuma ba ya hana kuskuren ɗan'adam. A watan Fabrairun 2017, umarni ɗaya da aka rubuta ba daidai ba ya durƙusar da wani ɓangare na rumbun S3 na Amazon kimanin awa huɗu.

Duk da haka, asarar takardun jama'a ta fi wannan tsada nesa ba kusa ba. Ya kamata duk hukumar da za ta ba da kwangilar shafin intanet ta fara da tambaya: kwafi nawa ne, a ina suke, kuma yaushe aka gwada dawo da su? Ɗan kwangilar da ya kasa amsawa bai cancanci a damƙa masa amanar al'umma ba.