Shirya Gidanka Bisa Ga Halinka

'Yan'uwa manoma, a zagayen da nake yi tsakanin Isa da Sabon Birni na lura da wani abu. Mun sha cewa a gina ɗakin kayan aiki a bayan gida. Amma in mutum ya dawo daga fadamar Rima a gajiye, a zaure yake yar da fartanya, har yaro ya taka ya yanke. A ganina laifinmu ne, mu malaman gona. Hali zanen dutse ne. A kafa maratayi a zauren, inda hannu ya saba. Uwargida kuma a kai mata randa kusa da murhu.

Sai dai maganin ƙwari. Shi kam a kulle shi nesa da rumbu da hannun yara, ko ba a saba ba.