Kada Gardama Ta Kai Mu Ga Ƙaryata Gaskiya



Kwanakin nan wasu saƙonnin murya suna yawo a wayoyin samarinmu daga Tasawa har Mayahi, ana yi wa Littafi Mai Tsarki na Kiristoci ba'a, ana cewa babu tarbiyya a cikinsa. Na saurare su, kuma ina ganin wajibi ne a yi gyara, domin Allah ya umarce mu a Suratul Ma'ida, aya ta 8, da yin adalci ko ga wanda muke saɓani da shi.

Aƙidarmu a fili take: mun yi imani da Attaura da Zabura da Linjila da Allah ya saukar, mun kuma yarda cewa canji ya shiga abin da ke hannun mutane, Alƙur'ani ne ma'auni. Sai dai Imam Buhari ya ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya hana mu gaskata Ahlul Kitabi kai tsaye, ya kuma hana mu ƙaryata su kai tsaye. Wanda ya ce duk abin da ke ciki ɓata ne ya tsallake wannan iyaka.

Suka ta farko ita ce, wai littafin bai hana alfasha ba, hujja kuwa ita ce abin da ake gani a ƙasashen Turai. A Littafin Fitowa, sura ta 20, an umarci mutum da girmama iyaye, an hana kisa da zina da sata da shaidar zur. A kwatanta da Suratul An'am, aya ta 151 zuwa 153, a ga yadda wasiyyoyin suka yi kusa. Idan da halin mabiya ake auna littafi, me za mu ce game da mai tauye mudu a kasuwar Tasawa, alhali ya haddace Suratul Muɗaffifina? Laifin nasa ne, ba na surar ba.

Suka ta biyu, wai koyarwar yafe wa maƙiyi da ke cikin Linjilar Matta, sura ta 5, tarbiyyar ragwaye ce. To, Suratu Fussilat, aya ta 34, tana koya mana tunkuɗe mugunta da kyautatawa, Suratush Shura kuma ta halatta ramuwa daidai da cuta amma ta ɗora ladan mai afuwa a kan Allah. Manzo da kansa ya yi wa mutanen Makka afuwa ranar da yake da cikakken iko a kansu. Mai yi wa afuwa dariya ya duba da kyau wa yake yi wa dariya.

Maganar ba ta tsaya a waya ba. A watan Janairu na 2015 an ƙone majami'u a Damagaram da Yamai saboda zanen ɓatanci da wata jarida ta yi a Faransa, aka rasa rayuka, alhali maƙwabtanmu ba su suka yi zanen ba. A watan Yuni na 2019 an ƙone wata majami'a a Maraɗi. Kafin hannu ya ɗauki ashana, baki ne ke fara raina mutum. Kuma mutanen nan ne muke zuwa wurinsu neman magani a asibitin Danja da na Galmi.

Abin da ya hau kanmu guda uku ne. Kada mu tura saƙon zagi, domin Suratul An'am, aya ta 108, ta hana zagin abin bautar wasu, kada su rama a kan Allah. Idan muhawara ta kama, a bar ta ga masu ilimi, su yi ta da mafi kyawun lafazi kamar yadda Suratul Ankabut, aya ta 46, ta gindaya. Sannan mu faɗi saɓaninmu a kan tauhidi ba tare da ɓoyewa ba, mu kuma yarda da gaskiya inda muka haɗu. Haka Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ya yi a gaban Najjashi, sarkin Habasha: ya karanta Suratu Maryam, bai zagi kowa ba, bai kuma rage komai daga aƙidarsa ba.

Allah ya tsare harsunanmu, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Wassalamu alaikum.